Lahadi a Ƙofar Flagstaff

"Tura mana, Noelene! Ko buhun dankali ya fi ni gata," in ji Wenzu, da tayar kekensa na guragu ta maƙale a gefen titi.

"Buhun dankali ba ya surutu," ta ce, ta danna da gwiwa.

Sun daɗe katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a unguwar West Melbourne, a Ostareliya. Wenzu mutumin Malta ne, yana cikin waɗanda suka haƙa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Flagstaff, amma tun da aka buɗe ta bai taɓa sauka cikinta ba. Ranar da ya gama aiki ya rantse ba zai ƙara shiga ƙasa ba sai an kai shi. Yanzu da likita ta ce kwanaki suka rage masa, sai ya ce yana so ya ga yadda aka gyara raminsa.

Suka ratsa lambun da ke gefen tashar, suka tarar an sauke ƙofar ƙarfe. Noelene ta tsayar da keken. Kullum ranar aiki take bi ta nan, shi ya sa ta manta ba a buɗe tashar Asabar da Lahadi.

"Wayyo, Wenzu. Yau Lahadi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kin gani? Ƙasar ma ba ta shirya karɓata ba."

"Gobe da sassafe zan dawo da kai."

"To, yarinya," ya ce wa Noelene, mace mai jikoki. "Matso da ni tukuna."

Ta matsa da shi har goshinsa ya taɓa ƙarfen. Can ƙasa jirgi ya wuce bai tsaya ba, ya turo iska mai ɗumi ta ɗaga masa furfura. Ya lumshe ido, ya shaƙa a hankali.

"Warin dutsen nan bai canza ba. Saboda shi matata Ċettina take sa ni tuɓe takalma a waje, kamar baƙo."

Washegari Noelene ta ƙwanƙwasa ƙofarsa da wuri. 'Yarsa ce ta buɗe, idonta jawur, ta girgiza kai kawai. Wenzu ya cika cikin dare.

Noelene ta wuce tashar, ta bi ma'aikata masu sauri, matakala mai tafiya da kanta ta yi ta gangarawa da ita. A ƙasa jirgi ya zo, ya kwashe kowa, ya tafi. Ta zauna a benci ita kaɗai, rigar sanyinta a cinya, tana kallon bakin ramin.