Ruwan da Aka Hana Issifu

Ranar Lahadi nakan kafa kaskon ƙosai a bakin cocin unguwarmu a Dapaong, domin Kirista idan sun fito daga ibada yunwa suke kwasowa kamar waɗanda suka yi noma. Ni Zenabu Musulma ce, ban taɓa shiga ciki ba, amma tagogin a buɗe suke, kuma muryar ƙawata Monik ba ta buƙatar lasifika. Murya ce mai kauri, ba daɗi, kullum tana gaba da ta kowa. Akwai addu'ar da suke yi tare da harshen Moba. Mobancina na kasuwa ne, amma yau da gobe na haddace tafiyar addu'ar.

Bayan rasuwar ɗanta Damigu sai na lura da wani abu. Monik takan fara addu'ar da ƙarfi, idan an zo wani wuri a tsakiya sai muryarta ta ɗauke, jama'a su wuce, sannan ta dawo ta kama ƙarshe. Na tambaye ta.

“Wurin nan ne muke roƙon Allah ya yafe mana yadda mu ma muke yafe wa mutane,” in ji ta. “Ni ban yafe ba. In faɗa, in yi wa Allah ƙarya?”

Damigu ɗan zemijan ne, yana ɗaukar mutane a babur. Babbar mota ce ta take shi kusa da Mango. Direban, wani Issifu daga Sokodé, waya yake yi. Bai musa ba, aka ɗaure shi, ya yi zamansa ya fito. Da ya fito sai ya zo da uwarsa Fulera har Dapaong neman afuwa, suka durƙusa a tsakar gida cikin rana.

Mu nan arewa, baƙo ko maƙiyinka ne ruwa kake fara miƙa masa, magana ta biyo baya. Lamboni, wan mijin Monik, shi ne mai gidan tun da mijin ya rasu. Ya ɗebo ruwa a ƙwarya, ya zo gabansu, Issifu ya miƙa hannu biyu, sai Lamboni ya tuntsurar da ruwan a ƙasa. Ina wurin. Na ga tsohuwar nan ta tashi tana karkaɗe zane, leɓenta a bushe. Monik tana ɗaki tana kallo, ba ta fito ba. Ni kuwa raina fes, na ce maganinsu ke nan.

Ana cikin azumin Kirista Monik ta same ni da wata jarka ƙarama a hannu.

“Zenabu, kin san Sokodé. Za ki raka ni.”

“Sayen me?”

“Ruwan da aka hana su zan kai. Daga randata na ɗebo.”

Na ce mata ta haukace. Na tuna mata yadda muka ga gawar yaron, na tuna mata cewa ni na goya shi lokacin da take jinya. Ta bar ni na gama tas.

“Kina tsammani na manta? Wanda nake bi, suna buga masa ƙusa a kan gicciye yana roƙa musu gafara. Ni kuma ina zaune a gidansa kowace Lahadi bakina a rufe kamar mai shan kunu mai zafi. Na gaji.”

Lamboni ya ji labari, ya tare mu a ƙofar gida. Shi ma ɗan coci ne, har da babban gicciye a wuya.

“Jinin gidanmu za ki je ki wanke wa mutumin Sokodé? Idan kika fita da jarkar nan, kada ki dawo gidan nan.”

“Yaya,” in ji Monik, “kai ka yi naƙudarsa? Ni na haifa, ni aka kashe wa. Yafiyar tawa ce, ba ta gida ba ce. Matsa mini.”

Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ya matsa, don mamaki ba don yarda ba. Na bi ta ina masifa har tasha.

Motar ta cika maƙil. Yaron mota ya so ya jefa jarkar saman kaya, ta hana, ta rungume ta a cinya. Da muka kusa Mango ta juya fuska daga taga, ta danƙe hannuna har na ji zafi. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Mun isa Sokodé da la'asar. A zango ba a ɓata; mahauci na farko da muka tambaya ya nuna mana gidan. Fulera na tsakar gida tana tankaɗe. Tana ganin Monik rariyar ta faɗi daga hannunta. Kafin a ce me, maƙwabta sun cika ƙofa. Issifu ya fito daga ɗaki, ya rame ya zama kamar sanda. Ashe tun da ya dawo bai sake taɓa sitiyari ba.

Monik ta nemi ƙwarya, ta tsiyaya ruwan, ta miƙa masa.

“Kun zo gidana ba ku sha ruwa ba. Ga shi.”

Sai wata maƙwabciya ta raɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji: “Uwar mamaci ta ɗauko ruwa tun daga Dapaong? Kada ya sha!” Fulera ta riƙe rigar ɗanta. Haushi ya kama ni, amma ban ga laifinsu ba. Da ɗana ne ni ma sai na riƙe.

Issifu ya zame daga hannun uwarsa, ya durƙusa ya karɓa.

“Mama, ko me ke ciki, na cancanta.”

Monik ta fizge ƙwaryar har ruwa ya fantsama.

“A'a! Ba haka za ka sha mini ba. Ka ɗauka na sha wannan doguwar hanya don in ƙara gawa? Gawa ɗaya ta ishe ni.”

Ta kafa kai ta sha rabi, ta goge baki, ta dubi maƙwabciyar nan sai da ta sunkuyar da kai, sannan ta mayar masa.

“Sha kamar baƙo. Ka kashe mini ɗa, ban ce ba ka yi ba, kuma zafin yana nan. Amma na yafe maka, saboda ni ma an yafe mini. Gobe ka tashi ka nemi aiki, uwarka ta tsufa. Wayar kuma ka sa a aljihu.”

Ya sha yana kuka, hawaye na zuba cikin ƙwaryar. Fulera ta shiga ta ɗebo nata ruwan, muka sha, sannan aka fara gaisuwa kamar yadda ya kamata.

Da muka dawo Dapaong mun tarar da kayanta a waje, tabarma da tukwane da randar, an jingine su a bango. Lamboni bai ko leƙo ba. Monik ta dube su, ta naɗa gammo ta ɗora randar a ka.

“Ɗakinki na baya, akwai mutum?”

“Kaji ne.”

“Su matsa.”

Ranar Ista cocin ya cika har waje, ciniki ya buɗe mini. Ina juya ƙosai suka fara addu'ar nan. Na tsaya da matsami a hannu ina jiran wurin da muryar take ɗaukewa. Aka zo wurin. Muryar Monik ta fito ta taga, mai kauri, ba daɗi, ta danne ta kowa, ta faɗi kalmomin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Kaskon nan gaba ɗaya ya ƙone mini, ban ma ji ƙauri ba.