Fatalwa Cikin Koren Bango

Kowane magidanci a layinmu na Kantin Kwari yana da abin da ke ɗauke masa hankali bayan an tashi kasuwa. Wani ƙwallo, wani tattabaru, wani gardamar siyasa. Ni kuwa, Ari mai yadi, da furfurata da tumbina, fatalwa nake tarawa.

Ina nufin tsofaffin littattafan ban tsoro na Turanci, ƙananan nan da takardarsu ta koma kalar kunun tsamiya. Tun ina saurayi nake tsintar su a gefen titi wajen Bata, inda ake baje su a kan buhu, da kuma rumfar Onyekachi mai gwanjon littattafai a Sabon Gari. Da ya hango hulata sai ya ɗaga murya da Hausarsa ta haifaffen Kano: "Alhaji Ƙwarangwal! Zo, na ɓoye maka wani. Wannan tun daga bango aka fara mutuwa!" Ni kuma in waiga hagu da dama, sannan in faɗa rumfar.

Kada a ɗauka jarumi ne ni. In ɓera ya gifta a shago, ni nake riga yaran hawa kan dilar yadi.

Bangon littattafan ne ya jawo komai. Wata rana matata Jawahir ta idar da salla, ta naɗe darduma, ta ce, "Alhaji, ba zan ƙara kallon gabas ƙoƙon kan mutum yana kallon ƙeyata ba. Ko su fita, ko a rufe musu fuska."

Sai na kwashe su na kai wa Malam Hambali mai ɗinkin littafi a nan Fagge, na ce ya bar bangon asali a ciki, ya ɗora wani a kai. Ya ɗaga na farko, ya yi ido huɗu da wata mata mai haƙora har ƙirji, ya ce, "A'uzu billahi. Wannan sai an ƙara gam." Shi kuwa Malam Hambali bango iri ɗaya ya sani, wanda yake yi wa littattafan addini: kore, da zanen ruwan zinare a gefe. Haka fatalwowina suka dawo gida cikin shiga ta kamala.

Bayan rasuwar Baba, mahaifiyata Inna Fanta ta dawo wurinmu da zama. Ranar da ta iso ta gan su jibge a ƙuryar falo, ta rafka salati.

"Ari! Littattafan ilimi a ƙasa? Inda ake wucewa da takalmi?"

Nan take ta sa aka ɗora su a kan kabad, ta lulluɓe su da farin mayafinta. Ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba. Idonta ya yi rauni, kuma ita abu mai koren bango ba ta taɓa shi haka kawai.

Baba ya so in zama malami, ni kuma na tsere kasuwa tun ban yi nisa ba, ya rasu da wannan a ransa. To daga ranar da ta ga littattafan, Inna ta canza mini. Ta daina yi mini faɗan tumbi. In baƙi sun zo sai ta nuna saman kabad da haɓa, ta rage murya: "Ashe yaron nan a ɓoye yake karatunsa." Ni kuma in sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Gaskiya daɗin abin nake ji. Na haura hamsin ban taɓa ganin Inna tana alfahari da ni ba sai da matattun Turawa suka shigo maganar.

Wata Asabar na dawo cin abincin rana, Inna ta tare ni da fara'a.

"Na yi mana abin alheri. Na yi wa Malam Abdulhafiz na Islamiyyar unguwa alƙawarin littattafan nan, yara su riƙa karantawa, ladan ya kai wa Babanka. Bayan la'asar zai zo ya ɗauka."

Lomar da ke hannuna ta koma kwano. Daga kicin na ji Jawahir tana wani tari da na san ba tari ba ne.

A raina na hango Malam Abdulhafiz a gaban ɗalibai, ya yi bisimilla, ya buɗe koren bango, matar nan mai haƙora ta yi masa maraba. Na hango labarin ya isa Kwari kafin magariba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne Inna, wadda ta gama zagaye unguwa da labarin ɗanta malami, a ce a bakin mutane za ta ji. Na yi tunanin in sulale da su, amma tana zaune a gindin kabad ɗin da carbinta kamar mai gadin banki.

"Kafin su tafi," in ji ta, "sauko da ɗaya ka karanta mini, ka fassara. Ban taɓa jin karatunka ba."

Na sauko da wanda hannuna ya faɗa a kai. Na yi niyyar in ƙaga wa'azi daga kaina, in ce malamai sun ce kaza da kaza. Har na gyara murya. Sai na ji ba zan iya ba. Na sha rantse wa mai saye cewa yadi ba ya zuba, amma in ƙaga wa malamai magana a gaban uwata, da sunan ladan ubana, wannan ya fi ƙarfin ɗan kasuwancina.

Saboda haka na karanta abin da ke rubuce.

"Wani mutum ne ya sayi gida a bayan gari, kusa da maƙabarta."

"Allahu Akbar," in ji Inna. "Tuna mutuwa. Ci gaba."

"Matarsa ta rasu, aka binne ta. Bayan kwana biyu sai ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, ya kuma ji muryarta tana kiran sunansa."

Carbin ya tsaya. Inna ta juyo da fuskarta gaba ɗaya.

"Wane malami ne ya rubuta wannan?"

"Ba malami ba ne, Inna. Wani Bature ne. Labarin fatalwa ne."

"Sauran fa?"

"Duk danginsa ne."

Ta miƙo hannu. Na buɗe mata koren bangon, ta kawo hoton dab da idonta, ta daɗe tana kallo. Jawahir ta daina tari. Ni kuwa gumi har cikin hula.

"To shi mijin," in ji Inna a hankali, "da ya ji muryar, me ya yi?"

"Ya ɗauki fitila ya nufi ƙofar."

"Shi kaɗai? Ba shi da maƙwabta? Ko addu'a bai yi ba?"

"Bai yi ba."

"Sakarai. Mu a Barno, da muna yara, ko sunanka ka ji an kira daga waje, ba ka amsawa sai an maimaita. Wannan ba a yi masa tarbiyya ba."

Muna cikin haka aka yi sallama. Malam Abdulhafiz ne, har da mai adaidaita sahun da zai kwashi kaya. Na miƙe na shigo da shi. Inna ta ja gefen zanenta ta rufe littafin a cinyarta, aka gaisa, aka yi wa Baba addu'a.

"Malam, a yi mini afuwa," in ji ta. "Na sa an duba mini, ashe waɗannan ba na yara ba ne. Gobe Ari zai shiga kasuwa ya sayo muku waɗanda suka dace, sababbi, ya kawo da kansa. Ko ba haka ba, Ari?"

"Haka ne, Inna."

Malam ya yi godiya ya tafi, yana sa wa ilimina albarka.

Inna ta ajiye littafin a ƙasa, ta nuna saman kabad. "Sauke su. Mayar da su ƙasa inda na gan su. Ka ba ni mayafina."

Na yi ta saukewa ɗaya bayan ɗaya, tana ninke mayafin a cinyarta ba ta kalle ni ba.

"Na ɗauka burin Babanka ya cika," in ji ta.

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, tsakanin tulin korayen littattafai, ina jin kaina ɗan shekara goma. Ta ja carbi ya zagayo. Sannan ta sa ɗan yatsa ta dungure mini hula.

"Ko ba komai ba ka yi mini ƙarya da sunan malamai ba. Shi ma karatu ne." Ta turo mini littafin da gefen ƙafarta. "Ɗauki. Sakaran nan ya buɗe mata ƙofar, ko Allah ya ba shi hankali?"