Tambayar Hanyar Gada

Ranar Litinin da safe sakataren magajin gari ya karɓi makullin mota daga hannun Direba, ya ce ya je gida ya huta har sai an neme shi. Bai faɗi dalili ba, Direba ma bai tambaya ba. Duk wanda ya halarci muhawarar 'yan takara ranar Asabar ya san dalilin. Wata yarinya ce ta yi wa magajin garin tambaya a gaban jama'a, ya kasa amsawa. Yarinyar kuwa 'yar Direba ce, wadda tun tana ƙarama ake kiranta Lauya saboda gardama.

Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, asalin tambayar daga bakin Direba ta fito, a ɗakinsa, yana riƙe da kofin shayi.

A gidan akwai wani wasa da matarsa ta ƙirƙiro. Nas ce a asibitin gari, kuma ta gaji da ganin marasa lafiya suna haɗiye magani ba tare da sun tambayi na mene ne ba. Ta ce ba za ta raini 'yar da za ta riƙa haɗiye maganar 'yan siyasa haka ba. Duk lokacin da zaɓe ya matso, bayan an ci abinci sai ta jefa murafun kwalba uku cikin kofi. Wanda ya ɗauki ja zai kare ɗan takara ɗaya, mai kore ya kare ɗayan, mai fari ya zama alƙali. Ba ruwan kofi da wanda kake so. Dokar da Direba ya ƙara da kansa ita ce, tambaya mai kyau ba ta da mai ita, duk wanda ya ji ta tasa ce.

A wannan zaɓen 'yan takara biyu ne suka yi fice: magajin gari mai neman zarcewa, wanda Direba ya daɗe yana tuƙawa, da wata tsohuwar shugabar makaranta. Ranar Alhamis kafin muhawarar kofi ya ba Direba shugabar makaranta, ya ba Lauya magajin gari.

Lauya ta gyara zama ta fara lissafo ayyuka: fitilun kasuwa, famfunan ruwa, gyaran hanyar gada. Ta iya aikin sosai, har Direba ya ji kamar a taron kamfe yake. Sai abin ya hau masa kai.

"Dakata, Yallaɓai," in ji shi, yana nuna ta da cokali. "Ka ce ka gyara hanyar gada. To me ya sa kullum kake ce wa direbanka ya zagaya ta bayan tasha? Hanyar ce ba ka so ko motarka kake tausayi?"

Nas ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗaga farin murfi. "Baban Lauya ya ci. Kai, ashe kana da baki!"

Lauya ba ta yi dariya ba. Ta dai tambaye shi ko da gaske ne, ya ce ta kwashe kwanuka.

Ranar Asabar da la'asar aka yi muhawarar a zauren babbar makarantar sakandare. An ware wa matasa masu zaɓen fari kujerun gaba, kuma Nas ce ta matsa wa Lauya ta je. Direba yana can baya kusa da ƙofa tare da sauran direbobi, inda iska take shigowa. Ya ga 'yarsa ta ɗaga hannu, ya ga an miƙa mata makirufo, ya ji daɗi har ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Tawa ce."

"Yallaɓai, ka ce an gama gyaran hanyar gada," in ji Lauya. "Yaushe rabonka da ka bi ta da motarka?"

Magajin gari ya yi murmushi, ya ce yana bin ko'ina a garin nan.

"To in haka ne, Yallaɓai, me ke gefen dama da zarar an sauka daga gadar?"

Babu wanda ke bin hanyar da bai san amsar ba. Wani ƙaton rami ne da aka dasa wa reshen itace don masu babur su gan shi. Magajin gari ya ce masallaci ne, sannan ya ce ko shago. Zauren ya ɗauki sowa. Shi kuwa bai dubi yarinyar ba, ya ɗaga kai ya nemi ƙofar baya da ido har ya sami Direba.

"Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa," in ji direban da aka taɓa ɗazu. "Har yanzu taka ce?"

Bayan muhawarar magajin gari ya shiga mota. Direba yana kallonsa ta madubi yana cire agogo yana mayarwa.

"'Yarka ce?"

"Tawa ce, Yallaɓai."

"Ta iya magana. A ina ta koya?"

"A gida, Yallaɓai."

"Na ga alama." Ya ɗaura agogon. "Bi ta gada."

Direba ya bi. Ya rage gudu, ya kauce wa abin da zai kauce wa, amma duk da haka ƙasan motar ya daki hanya sau da dama. Da suka zo wurin reshen itacen magajin gari ya sauke gilashi ya leƙa ramin. Sannan ya ɗaga gilashin, suka wuce gida.

Ran Litinin ɗin, bayan an karɓi makullin, Direba ya dawo gida da ƙafa tun hantsi. Ya zauna a falo ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Fushi bai zo masa ba kamar yadda ya zata. Wani abu ne daban yake cin sa: shi bai taɓa ambaton rami ba. Tambayarsa ta tsaya kan zagaye ne kawai. Ina yarinyar ta samo ta biyun?

Da ta dawo daga makaranta ta same shi zaune, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa.

"Baba, korarka suka yi?"

"Sun ce in huta. Zauna. Wa ya gaya miki zancen ramin?"

"Zuwa na yi. Ranar Juma'a na hau babur na bi hanyar."

"Don me?"

"Ai ka ƙi faɗa mini ko da gaske ne. Na ce ƙila wasa ne ya ɗebe ka. In na tashi a gaban mutane da ƙarya fa?"

Direba ya dube ta da kyau. "Kuma ba ki yi tunanin zai gane daga ina ta fito ba?"

"Na yi. Shi ya sa na cire direba daga ciki, na sa rami. Rami kowa ya san shi." Muryarta ta yi ƙasa. "Ban san ya san fuskata ba."

"Bai sani ba. Fuskata ya sani, kuma ke kika kwaso ta."

Nas ta shigo da kayan aikinta a jiki, ta ji ƙarshen zancen. Ta ajiye jaka ta cire takalmi.

"Kada ka ɗora mata, Baban Lauya. Kai ka kafa dokar."

"Na kafa ta don ɗakin nan."

"Ka taɓa faɗin haka?"

Ya yi tunani, ya ga bai taɓa ba. Shekara da shekaru yana jin abin da ake faɗa a kujerar baya, ko matarsa bai taɓa kawo wa ba. Murfin kwalba ɗaya ya buɗe masa baki.

"Baki shi ke yanka wuya," in ji shi.

"Naka ko nata?"

"Ke dai alƙali ce ranar, da kin tsayar da ni."

"Ina zan tsayar da kai? Tun da na aure ka ban taɓa jin ka yi magana mai daɗi haka ba."

Lauya ta so yin dariya, ta danne. Sannan ta faɗi abin da ta shigo da shi. Masu shirya muhawara sun aiko makaranta, suna son ta kasance cikin matasan da za su yi tambaya a zagaye na biyu ranar Asabar mai zuwa. Ta ce in zuwanta zai hana a mayar da shi aiki, ta fasa.

Nas ta bar masa zancen. Direba ya san in yarinyar ta zauna a gida, labari zai kai ofis kafin dare, kuma za a fahimci saƙon. Ya san kuma in ta je, za a fahimci wannan ma.

"In kin je, wa za ki tambaya?"

"Shugabar makaranta."

Bai zaci haka ba. "Ita kuma me ta yi?"

"Ta ce za ta gyara duk hanyoyin gari cikin shekara guda. Ina so ta faɗi wadda za ta fara da ita, da wadda za ta bari ƙarshe. Waɗanda ke kan ta ƙarshen ma suna zaɓe."

"Wannan daga bakin wa kika ji?"

"Ba kowa."

Ya jinjina kai a hankali, yana juya tambayar kamar yadda yake sauraron injin da bai saba da ƙararsa ba. Ya so ya ji abin da matar za ta ce. Ya lura ya fi son jin wannan fiye da jin wayar sakatare.

"Ki je," in ji shi. "Tare za mu je. Wannan karon a kujera zan zauna."

Ranar Laraba masu babur sun ga motar daidaita hanya a gindin gadar, tare da wani mai ɗaukar hoto. Zuwa yamma mai hoton ya tafi, motar tana nan, ba a kunna ta ba. Wani ƙanin sakatare ne ke tuƙa magajin gari a halin yanzu. Ofishin bai ce an sallami Direba ba, bai kuma ce ya dawo ba.