Kifin Ƙarƙashin Kujera

Ranar da Tak Yong-bae ya shigo unguwarsu a birnin Masan da sabuwar a-kori-kura, kafin ya kashe inji matarsa Mal-sun ta fito da tabarma. Ta buɗe ƙofofin motar, ta jera wainar shinkafa da tuffa a gabanta, ta sa shi ya durƙusa ya kai goshi ƙasa sau uku, sannan ta bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya tana zuba musu giyar shinkafa. Daga ƙarshe ta ɗauko busasshen kifi, ta nannaɗe shi da farin zare, ta cusa a ƙarƙashin kujerar direba. Kifi ba ya rufe ido, shi zai riƙa duba masa hanya, kuma ba mai taɓa shi sai shekara ta zagayo.

"Ku shaida," ta ce wa matan unguwa tana raba musu waina. "Ko won ɗaya ba a bin motar nan. Kuɗi hannu muka biya."

Yong-bae yana durƙushe ya ji maganar, ya daɗe bai ɗago ba. Matan suka yi ta yaba ladabinsa.

Gaskiyar magana ita ce miliyan biyu kacal ya biya na won, kuɗin ƙasar. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana walda a ma'aikatar jiragen ruwa kafin a rage ma'aikata, kuɗin sallamarsa kuma suka tafi a hidimar auren 'yarsu Bo-ram. Kuɗin motar na Mal-sun ne. Tana aikin girki a wata makarantar firamare, ta shiga adashin mata ashirin, zubin miliyan ɗaya duk wata, wato rabin albashinta. A wata na takwas ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasa, ta damƙa masa miliyan ashirin cif, ta ce ya je ya sayi mota ya riƙa yawon sayar da kayan miya, don ta gaji da ganinsa kwance gaban talabijin.

Da ya wuce kai tsaye wurin masu motoci, da babu labari. Sai ya tsaya cin taliya da Pyo Gi-tae, wani da ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa, wanda yanzu ba wanda ya san sana'arsa amma kullum takalminsa na sheƙi.

"Yaya, kuɗi hannu?" Gi-tae ya ajiye tsinken cin abinci. "A wannan zamanin? Ai ko kakata ba za ta yi haka ba."

"To me zan yi?"

"Ka ba su miliyan biyu, saura ka biya kaɗan-kaɗan cikin shekara biyar. Ruwan da za su ɗora maka shida cikin ɗari ne. Miliyan sha takwas ɗin kuma ka sayi hannun jari. Akwai wani kamfanin batir da na sani, bara kaɗai ya ninka. Su ci shida, kai ka ci hamsin. Ina asarar take?"

"Kuɗin Maman Bo-ram ne fa."

"Shi ya sa ma. Ranar da ka mayar mata da su ninki biyu, ga mota kuma a ƙofar gida, matar Yaya da kanta za ta soya mini nama."

Yong-bae ba wawa ba ne, shi ya sa ya yi lissafin sau uku a bayan takardar goge baki, kuma sau uku lissafin ya fita. Abin da ya fi jan sa ma ba ribar ba ce. Mutum ne da ya yi shekara biyu yana karɓar kuɗin shiga mota daga hannun matarsa, yana son rana ɗaya shi ma ya miƙa mata wani abu. Ya sa hannu a takardun. Da aka gama hidimar kifi kowa ya watse, ya ninke takardar yarjejeniyar ya tura ta bayan kifin, don ya san nan ne wuri ɗaya da hannun Mal-sun ba zai kai ba.

Wata uku na farko lambobin hannun jarin a wayarsa ja ne, alamar hawa. Sha takwas ta zama ashirin da uku. Ya sayo wa Mal-sun rigar sanyi, ta yi masa faɗan almubazzaranci amma ta sa ta zuwa aiki washegari. Daga nan shuɗi, alamar sauka, ya shigo, bai kuma fita ba. Gi-tae ya ce kasuwa ce ke numfashi, kada ya sayar. Da kuɗin suka koma sha ɗaya ya ce yanzu ne ma lokacin ƙari. Da suka koma biyar ya daina ɗaukar waya. A wata na tara aka dakatar da cinikin hannun jarin kamfanin gaba ɗaya, wai ana binciken littattafansu. Lambar ta tsaya cak a wayar, ba hawa ba sauka, ko asarar ma an hana shi ya ɗauka ya huta.

Masu bashin mota kuwa ba su san da wani bincike ba. Ranar ashirin da biyar ga kowane wata suna cire dubu ɗari uku da hamsin daga asusunsa. Mal-sun ta taɓa ganin saƙon a wayarsa ta tambaya.

"Ajiya ce," in ji shi. "Na buɗe mana asusu, don tsufa."

Ta dube shi kamar ranar ta fara ganinsa. "Baban Bo-ram, ashe kai ma ka fara hankali."

Tun daga ranar ya tsani ashirin da biyar ga wata, ya tsani shuɗi, har kwandunan robarsa ya canja zuwa ja. Kullum da sassafe yana kasuwar sari, ya loda kabeji da albasa da tafarnuwa, ya hau lungunan kan tudu lasifika tana maimaita muryarsa da ya ɗauka tun ran farko, murya mai fara'a da yanzu ba ya son ji. Ya taɓa kai motar wurin dillali a ɓoye. Dillalin ya danna kwamfuta ya ce akwai jingina a kanta, kuma ko an sayar, kuɗin ba za su rufe bashin ba. Ya tambayi masu bashin ko zai iya biya gaba ɗaya, aka ce har da tara a kai, kamar ma yana da kuɗin. Motar da ke ciyar da shi ita ke cin sa, kuma dole gobe ya sake shiga cikinta.

Duk wannan lokacin hannun Mal-sun na dama yana lalacewa. Tukwanen da ake dafa wa yara ɗari shida abinci ba wasa ba ne. Wuyan hannun ya kumbura, yatsu uku suka daina ji, ta koma ɗaure shi da madauri, da safe kuma shi ke ɓalla mata maɓallan riga. Likita ya ce sai an yi aiki, sannan ta rabu da ɗaga tukunya. Ta ce a bari ta gama adashi, ba za ta kwashi kuɗin mutane ta gudu ba.

Ranar wata Juma'a ta dawo gida da fara'ar da ya daɗe bai gani ba. Ta ajiye jaka, ta kwance madaurin hannun ta jefa kan tebur.

"Na yi zubin ƙarshe," ta ce. "Na kuma ba shugabar kicin takardar ajiye aiki. Ta ce in yi tunani zuwa Litinin, na ce na gama tunani tun bara."

Yong-bae yana yankan albasa. Ya ci gaba da yanka.

"Ajiyar nan taka ta kai miliyan huɗu ai? Ta isa aikin hannun, har ta riƙe mu wata biyu uku. Mota tamu ce, ba mai binmu. Abin da kake samu ya ishe mu tunda ba zubi." Ta zauna ta miƙe ƙafa. "Ka san me nake so? In zauna kusa da kai a motar nan, ni ke karɓar kuɗi. Kai kana yi wa tsofaffin nan ragi da yawa."

"Maman Bo-ram," ya ce.

"Me?"

Ya dube ta. Tana murza yatsun da ba sa ji, tana murmushi.

"Albasar nan da yaji take," ya ce.

Asabar ya fita da niyyar in ya dawo zai faɗa. Ya shirya maganar a kan tudu, ya gyara ta a gangare, ya faɗa wa madubin mota ita sau biyu. Da ya dawo ya tarar Bo-ram ta zo da mijinta taya uwar murna, an cika tebur da nama, surukin yana zuba masa giya da hannu biyu. Ba a faɗar irin wannan magana gaban suruki. Ya ce gobe. Tsoro yake ji, tsoro irin na gaske, ba na faɗanta ba, na ganin fuskar nan ta koma yadda take a da.

Lahadi ya makara. Da ya sauko ya hango ƙofofin motar a buɗe, tabarma a shimfiɗe, kwalbar giyar shinkafa a gefe. Shekara ta zagayo, shi ya manta, ita ba ta manta ba. Tana zaune a bakin ƙofar direba, tsohon kifin a cinyarta, zarensa ya yi baƙi. Takardar tana hannunta na hagu, ta nisanta ta da fuska don ba ta sauko da tabarau ba.

Ya tsaya inda yake. Wata maƙwabciya ta wuce da kare, ta gaishe su, Mal-sun ta amsa mata lafiya lau.

"Ajiyar ke nan?" ta ce bayan matar ta yi nisa.

"Ita ce."

"Sha takwas ɗin fa?"

Ya faɗa mata. Maganar da ya kwana biyu yana shiryawa ta ƙare cikin minti ɗaya. Ya ce Gi-tae, ya ce batir, ya ce lissafin ya fita sau uku, ya ce mai yiwuwa a buɗe cinikin nan gaba. Da ya zo kan cewa so ya yi ya ba ta wani abu, sai ya ji kunyar maganar ya haɗiye rabinta.

Ba ta zage shi ba, kuma da zagin ya fi masa sauƙi. Ta ninke takardar yadda ya ninke ta.

"Ranar da na ce wa matan nan su shaida, kana ji?"

"Ina ji."

"Shi ya sa ka daɗe a ƙasa."

Ta ɗauko sabon kifin daga leda, ta maƙale shi tsakanin gwiwoyinta, ta fara naɗa masa zare. Yatsun suka ƙi riƙe bakin zaren, ya kuɓuce, ta sake kamawa, ya sake kuɓucewa. Ya matso zai karɓa, ta kauce.

"Bari. Kai ba ka iya ɗaure abu ba."

Da haƙori ta ƙulla shi. Ta sunkuya ta cusa kifin a ƙarƙashin kujera, takardar kuma ta sa a aljihun rigar sanyin da ya saya mata. Ta bi tayoyin huɗu da giya, ba ta tsallake ko ɗaya ba, don in motar ta yi hatsari bashin ba zai mutu tare da ita ba.

"Saura wata nawa?" ta ce.

"Arba'in da takwas."

Ya ga leɓenta yana motsi. Shekarunta take lissafawa, hamsin da huɗu a ƙara huɗu.

"Ƙarfe nawa kake zuwa sari gobe?"

"Biyar."

"Ka dawo kafin bakwai ka kai ni makaranta. Ina so in riga shugabar kicin isa, kafin ta miƙa takardar ajiye aikina sama." Ta naɗe tabarmar da hannu ɗaya ta danna ta a hammata. "Madaurin yana kan tebur. Ka hau ka ɗauko, ka ɗaure mini."