Warin Barasa a Tanki na Uku

An zubar da tanki na uku gaba ɗaya a masana'antar yis ɗin burodi, an kuma dakatar da mutum biyu: Mai Sukari, wanda ke kula da famfon da ke ɗiga wa tankin ruwan sukari, da ƙanin matarsa, wanda ke kula da injin hura iska. Manaja ya ce ɗaya zai dawo aiki, ɗaya zai kama gabansa. Abin ya faru ne ranar Talata da hantsi. Da aka ɗaga murfin tankin, maimakon ƙamshin ƙullu sai warin barasa ya bugi kowa.

Mai Sukari ne ya samo wa ƙanin matar tasa aikin bara, shi ne kuma ya laƙaba masa sunan Ɗan Iska, tunda iska ce sana'arsa. Sunan ya bi shi har gida.

Manaja ya tara su a ɗakin gwaji. Matar da ke auna samfuri ta yi bayani tana wanke kwalabe, ba ta ko juyo ba. Ta ce yis abu ne mai rai, kuma hanya biyu yake bi ya ci sukari. In an ba shi iska, aka riƙa ɗiga masa sukarin kaɗan-kaɗan, sai ya yi numfashi, ya ƙone abincin tas, ya hayayyafa. Abin da masana'anta ke sayarwa ke nan. In iska ta yanke, sai ya koma tsima sukarin, ya fitar da barasa, ya daina yawa. Manaja ya juya ya kalli Ɗan Iska.

"Ban gama ba, ranka ya daɗe," in ji ta. "Ko da iska ta ishe shi, in sukari ya yi masa yawa, haka zai yi. Makwaɗaici ne, ya fi son hanya mai sauri."

Manaja ya tambaya ko wanne ne ya faru a ciki. Ta ce barasar duk iri ɗaya ce, ba ta zuwa da sunan mai ita.

Mai Sukari ya san cewa da safen ya ga kumfar tankin ta kwanta, ya ɗauka yunwa yis ɗin ke ji, ya ɗan ƙara murɗa famfon. Ya kuma san ya hango Ɗan Iska a bakin ƙofa yana waya, injin na wani tari-tari a bayansa. Ko kumfar ta kwanta ne saboda injin, ko injin ya yi tarinsa ne bayan ɓarna ta riga ta auku, shi kansa bai sani ba.

A hanyar fita Ɗan Iska ya ce, "Yaya, kai da ko baƙo ba ka bari ya tashi da sauran wuri a ciki, ina yis zai tsira?" Ya yi dariya, amma idonsa na kan fuskar Mai Sukari.

"Kai dai riƙe wayarka da kyau," ya amsa.

A gida matar Mai Sukari ta sansana rigarsa, ta riƙe ta da yatsa biyu, ta tambaya ko sabuwar sana'a ya kama. Da ta ji labarin sai ta jiƙa rigar a bokiti. Ta tuna masa cewa matar ƙaninta ta kusa haihuwa. Can kuma ta tuna masa cewa su ma ba su da wani aikin sai wannan. Ba ta tambayi laifin wane ne ba.

An ce injin hura iskar yana da na'urar da ke nuna in ya taɓa tsayawa, kuma makanike zai zo ya duba. Famfon sukari ba shi da irinta. Har ranar Litinin makaniken bai zo ba.