Akwatin Mai Kyamara

"Riƙe min murfin nan da kyau, Sarkin Allura," in ji Mai Kyamara. "Kai da ke zura zare ido rufe, yau hannunka ke rawa?"

Tela ya riƙe murfin akwatin ƙarfen yana gunaguni. Ya baro wandon mutane a kan keken ɗinki, an ce masa minti biyu, ga shi an doshi rabin awa. Halin maƙwabcin nasa ke nan. Shekara talatin yana ɗaukar bidiyon mutanen unguwa, da ya ajiye sana'ar kuma, maimakon ya huta, sai ya jajibo wa kansa juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta kafin su ruɓe. Sabuwar na'ura ta fi ƙarfin aljihunsa, don haka ya samo tsohuwar kwamfuta, ya sayi faifan ajiyar bayanai huɗu na hannu, ya jera su a cikin akwatinta. Ya haɗa su yadda in ɗaya ya mutu, ukun da suka rage za su iya sake gina abin da ke cikinsa. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya sha wannan bayani, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Jiya ɗaya ya mutu, yau ake saka madadinsa. Mai Kyamara ya tura sabon faifan, ya ɗaure kusoshi, ya danna wani abu. Lamba ta fito a fuskar kwamfutar: kashi ɗaya cikin ɗari.

"Awa tara zai yi," ya ce. "Kafin ya kai ɗari, akwatin nan da ƙafa ɗaya yake tsaye. Tsofaffin faifan nan, in aka kashe su a tsakiyar aiki, ba lalle su sake tashi ba. Ɗaya ya ƙara tafiya, shi ke nan, har da na maiɗakinka."

 Shekara huɗu da rasuwar matar Tela, kuma bidiyo ɗaya tak ne a duniya da take motsi a ciki, wanda aka ɗauka ranar da ya buɗe shagonsa. Kaset ɗin ya tsinke bayan an juye shi. Sau goma Mai Kyamara na cewa ya zo ya kalla, sau goma yana cewa sai ya shirya.

"Miƙo min ruwa, ƙirjina ya yi nauyi," in ji Mai Kyamara, ya zauna a kujerarsa.

Tela ya juya ya tsiyaya ruwa a kofi. Iyakar abin da ya yi ke nan. Da ya juyo, tabarau ya zame wa mutumin zuwa kan hanci, kansa ya karkata, sukudireba na hannunsa bai ma faɗi ba.

"Malam, ga ruwan."

Ya sake faɗa. Ya taɓa kafaɗarsa. Sai ya ji bakinsa yana kiran Hajiya, matar gidan, da wata murya da bai san yana da ita ba. Ta shigo hannunta duk kumfar wanki, tana cewa me kuma suka fasa. Ma'aikaciyar jinyar da ke gidan sama ta sauko a guje, ta danna ƙirji har ta gaji, sannan ta zare tabarau ɗin ta naɗe, ta miƙa wa Hajiya. Tela yana tsaye da kofin ruwa. Lambar ta koma uku.

Kafin azahar gida ya cika. Kowa ya shigo tambayarsa ɗaya: ba shi ne aka gani da safe yana sayen burodi ba? Tela ya amsa har ya daina gane abin da yake faɗa. Shi kansa bai yarda ba. Yana ta jiran mutumin ya leƙo ya ce wa ya taɓa masa waya.

Abin da ya ba shi kunya shi ne, a cikin wannan tashin hankali, idonsa na kan soket. Aboki na kwance an rufe shi, shi kuwa yana lissafin awoyi. Da za a fita da gawa, ya yanko ƙyalle ja daga aljihunsa ya ɗaure a jikin wayar akwatin, ya ja ƙofar ɗakin, ya bi mutane. A maƙabarta ma rabin zuciyarsa na gida.

Da suka dawo, tun daga tsakar gida ya jiyo ƙarar: ɗit, ɗit, ɗit. Ƙaramin batirin da ke riƙe akwatin in wuta ta ɗauke ne ke kuka, kuma Mai Kyamara ya sha faɗa masa minti goma kawai yake iyawa. Ya kutsa ɗakin. An shimfiɗa wa baƙi tabarma, ƙanen mamacin ya zare wayar mai jan ƙyalle ya saka fanka.

"Wa ya zare wannan?"

"Ni ne. Mutane na zufa, wannan kuma ƙara kawai yake mana."

"Tun yaushe?"

"Malam, lafiya? Yayana muka binne yanzu, kai kana maganar kwamfuta?"

Tela, mutumin da ko mai ƙorafin ɗinki bai taɓa ɗaga wa murya ba, ya tsallake ƙafafun dattawa, ya fizge wayar fankar ya mayar da ta akwatin. Ƙarar ta tsaya. Ana ta kallonsa kamar wanda ya taɓu. Ya duba lambar: saba'in da ɗaya. Ya ƙura mata ido har ta koma saba'in da biyu.

"Ku bar shi," in ji Hajiya daga bakin ƙofa. "Aikin mai gidan ne. A kai fankar falo."

Tela ya zauna a ƙasa kusa da soket, bai ƙara motsawa ba. Rana ta yi sanyi, baƙi suka ragu. Wajen ƙarfe shida lambar ta cika ɗari, 'yar fitilar da ke ja ta koma kore kamar sauran ukun.

Hajiya ta shigo ta tsaya a bayan kujerar, ba ta zauna a kai ba. Tabarau ɗin na hannunta.

"Ya gama?"

"Ya gama, Hajiya. Komai na nan."

"Komai na mutane," ta ce a hankali. "Shekara talatin, ka taɓa ganin shi a ciki? Kullum yana bayan kyamara. Na yi ta ce masa ya ba wani ya ɗauke mu, ya ce ba su iya riƙewa ba."

 Tela ya wuni yana gadin tasa matar, bai taɓa tunanin Hajiya ba ta da abin da za a yi mata gadi ba. Don kawai kada shirun ya yi yawa, ya nemo sunan shagonsa a jerin, ya danna.

Ga ta nan. Tana tsaye a sabon shago, tana kare fuska da hannu tana dariya, tana cewa a daina ɗaukar ta. Tela ya ƙura mata ido. Amma Hajiya ba ita take kallo ba.

"Tsayar. Koma baya kaɗan."

A bayan marigayiyar akwai dogon madubin da masu ɗinki ke gwada kaya. A cikinsa wani saurayi siriri ne, kyamara a kafaɗa ta rufe rabin fuskarsa, ido ɗaya a kanne, yana dariya har haƙoransa sun fito.

Hajiya ta ja kujerar ta zauna. Ta goge tabarau ɗin da gefen mayafinta, ta saka, ta matso kusa. Akwatin na ta 'yar ƙararsa a ƙarƙashin tebur, kofin ruwan safe yana nan inda Tela ya ajiye shi.