Tela Bai Je Awo Ba

Ni na fara ganin ciwon a jikin Tela, tun kafin kowa a layinmu ya farga. Ban taɓa shiga aji ba, amma idon nan nawa ya fi na likita. Ina zaune a bencin ƙofar shagonsa na ga yana cusa zare a gefen allura, yana dafe ƙeya.

"Tela, kan ne?"

"Bari kawai, Baba. Kamar ana sara min guduma. Uwar yara ta ce in ban je awon jinin nan yau ba, kar in dawo mata gida."

Ya rufe keken ɗinki, ya sa takalmi. Sai ga motar masu awon ta shigo layi da lasifika: "Maza, ku ji kunya! Mata ne kawai ke zuwa awon hawan jini! Ba mu ga namiji ko ɗaya ba! Kyauta ne!"

Mai walda da wani direba, abokan zamanmu, na tare da ni a bencin.

"Kun ji ko?" in ji mai walda. "Ko ɗaya. Duk mazan layin nan wawaye ne? Akwai abin da suka hango."

"Kyauta, har da roƙo," in ji direba. "Wa ke zuba musu mai?"

Mai walda ya dubi ƙafar Tela. "Sai ina, ango? Layin mata za ka bi?"

"Zare zan sayo," in ji Tela. Ya ɗan yi tsaye, sannan ya koma ya zauna, ya zame takalmin a hankali.

Bayan 'yan kwanaki ya kife a kan keken, rigar makarantar wata yarinya na ƙarƙashin allura. Aka kai shi asibiti baki a karkace. Bai dawo ba.

Bayan an yi jana'iza matarsa ta zo ta tsaya gaban bencin.

"Ya ce min ya je, an ce lafiyarsa lau. Baba, ya je ko bai je ba?"

Kowa ya kalli na kusa da shi.

"Mu dai mun ga ya sa takalmi," in ji mai walda.

Ni har yau ban je ba, kuma duk sa'o'ina ni na binne su. Amma jiya na hango mai walda ya fito daga bayan motar nan, yana sauke hannun riga, yana waige-waige. Wai ba shi ba ne. To, ya zo ya musa a gabana.